ZAMAN GIDA: Rumbu a Ƙarƙashin Talabijin

Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada, wani dattijon ikkilisiyarmu ya ja ni gidansa, wai in zo in ga abin da ɗansa ya haɗa. Da muka shiga falo, sai na ga wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin talabijin, ba allo a jikinta, sai 'yar wuta tana ƙyaftawa. Yaron ya kunna talabijin, sai ga hotunan fina-finai sun jeru kamar kaya a kanti. Ga bikin auren yayarsa, ga waƙoƙin zumuntar mata na taron shekara, ga wa'azin da aka ɗauka a ikkilisiya, ga kuma fina-finan Amurka, da na Indiya, da na Kano masu yawan gaske. Ya ce yayarsa da take aure a Kaduna ma tana kallo daga wayarta, haka nan abokansa na makaranta.

Dattijo ya bari har yaron ya gama nuna gwanintarsa. Sa'an nan ya juyo wurina ya ce, "Malam, ni abu biyu nake so in sani. Wannan kaya duk namu ne? Wa kuma yake leƙa cikin gidana ta wannan akwati?"

Na ga tambayoyin nan sun isa a kawo su wannan fili, gama gidajen da suke da irin wannan na'ura suna ƙaruwa, yawanci kuwa samari ne suke haɗawa, iyaye ba su san yadda take aiki ba.

Masu sana'ar kwamfuta suna ce mata saba, wato mai hidima, domin aikinta ke nan: ta ajiye abu, ta miƙa wa wanda ya roƙa. Ni rumbu nake ce mata. Ana zuba fina-finai, da waƙoƙi, da hotuna a faifan ajiyarta, a sa mata manhaja irin su Plex, ko Emby, ko Jellyfin, sa'an nan kowace waya ko talabijin da take gidan ta iya ɗiba daga ciki. Amfaninta a fili yake. Faifai ba zai ƙara karcewa ba, kallon cikin gida ba ya cinye kuɗin data, maigida kuma yana iya zaɓen abin da zai shiga idon 'ya'yansa. Mallakar irin wannan na'ura ba laifi ba ne, manhajojin nan kuma halal ne. Maganar tana ga abin da aka zuba a ciki, da wanda aka ba mabuɗi.

Bari mu fara da kayan. In ka zazzage rumbun nan, za ka ga tsibi uku ne. Na fari, abin da ku kuka ɗauka da hannunku, kamar biki, da suna, da wasan yara ran Kirsimati. Na biyu, abin da kuka saya da kuɗinku. Na uku, abin da aka kwaso daga intanet, ko daga wurin masu tura fim a memori a bakin kasuwa, ba wanda ya san ko mai shi ya sami ko kwabo. A gidaje da yawa tsibi na uku ya fi sauran biyun tudu.

A Nijeriya, dokar da take kare haƙƙin marubuta, da mawaƙa, da masu shirya fim ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ana kuwa kiranta dokar 2022. Ta maye gurbin ta 1988, wadda aka yi a zamanin kaset. Bisa ga wannan doka, fim yana hannun mai shi har shekara 50 daga sa'ad da aka fara fitar da shi, littafi da waƙar da mutum ya tsara kuwa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Dokar ta bar ɗan fili domin amfanin mutum na kansa, ana kuwa duban ko abin da ya yi ya ɓata wa mai abu kasuwa. Amma buɗe wa jama'a fim ko waƙa ta intanet, wannan ikon mai abu ne shi kaɗai. Wanda ya yi haka domin kuɗi ba da izini ba, hukuncinsa tara ne, ko ɗauri, ko duka biyu.

Tsibi na biyu ya fi rikitarwa, ƙasashe ma ba su yi baki ɗaya a kansa ba. A 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa mutumin da ya ɗauki shirin talabijin a kaset domin ya kalla daga baya bai yi laifi ba. Wannan ita ce shari'ar na'urar Betamax ta kamfanin Sony. Amma a 1998 Amurka ta yi wata doka da ta hana fasa makullin da kamfanoni suke sa wa faifai, yawancin faifan DVD na kanti kuwa suna da irin wannan makulli. Ka ga mutum ya sayi faifai da kuɗinsa, amma in ya fasa makullin domin ya juye shi a kwamfuta, ya taka doka. A Ingila an halatta wa mutum ya kwafi abin da ya saya domin kansa a watan Oktoba na 2014, sai ƙungiyoyin mawaƙa suka kai ƙara domin ba a tanada musu diyya ba, babbar kotu ta soke izinin a 2015. Dokar Nijeriya ta 2022 ita ma ta shigo da hani a kan fasa makulli.

A ganina, ta wajen lamiri, wanda ya juye faifan da ya saya domin iyalinsa, ya kuma ajiye faifan a akwati, bai ƙwace wa kowa abinci ba. Amma in ya juye, sa'an nan ya sayar da faifan ko ya kyautar, to, abu ɗaya da aka biya ya zama biyu. Ya kamata kuma ya sani lamirinsa da dokar ƙasar da yake zaune ba kullum suke tsayawa wuri ɗaya ba.

Yanzu ga inda samarinmu suke zamewa ba su sani ba. Yau an ba yaya mabuɗi, gobe an ba aboki, jibi abokin aboki. Kafin wata shida mutum arba'in suna kallo daga ɗakin mahaifinka. Sai kuɗin wuta da na intanet su yi nauyi, sai a ce kowa ya riƙa kawo ɗan abu a ƙarshen wata. Ranar da aka karɓi wannan kuɗi, rumbun gida ya zama gidan siliman da ba shi da lasin. Kamfanin Plex da kansa ya gaji da irin wannan. A watan Oktoba na 2023 ya toshe dukan sabobin da aka ajiye a wurin Hetzner, wani babban kamfanin hayar kwamfuta na Jamus, saboda yawan masu karya ƙa'idodinsa a can, da yawansu kuwa sayar da izinin kallon fina-finan sata suke yi. Masu gaskiya da suke wurin su ma abin ya shafe su.

Akwai kuma hanyar kwaso fim da ake kira BitTorrent. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, sa'ad da kake karɓa, na'urarka tana raba wa waɗansu abin da ta riga ta samu, lambar adireshin intanet ɗinka kuma a buɗe take ga duk wanda ya shiga layin. Wato mai karɓa shi ma mai rabawa ne. A Jamus lauyoyin kamfanonin fim suna bin wannan adireshi, su aika wa mai gidan takardar neman kuɗi. Iyayen da 'ya'yansu suke karatu a can su faɗa musu.

Wani zai ce, "Ai a nan ba wanda zai zo ya kama ni." Mai yiwuwa ne. Amma mu masu bi, tun yaushe tsoron ɗan sanda ya zama ma'auninmu? Dokar da ta hana sata tana cikin Dokoki Goma, Manzo Bulus kuma a Romawa sura 13 ya koya mana biyayya ga hukuma saboda lamiri, ya ce a ba kowa abin da yake hakkinsa. Hausawa suna da suna ga wanda bai fasa shago ba amma yana ajiye kayan da aka sato, wato ɓarawon zaune. Abin da ya fi damuna ma, ba manyan kamfanonin Amurka ne kaɗai muke cuta ba. Mawaƙin bishara na garinmu ya ci bashi ya shiga situdiyo, ya biya makaɗa, ya fitar da waƙa. Mu kuwa mu kwafa mu raba wa ikkilisiya duka, mu ce ai aikin Allah ne. Aikin Allah ne lalle, amma ɗansa zai je makaranta, mai gidan hayarsa kuma ba ya karɓar "Allah ya sa albarka" a madadin kuɗi. In shi da kansa ya sa waƙarsa kyauta, madalla. In bai sa ba, a saya, ko a tambaye shi.

Haka nan nuna fim a majami'a, ko a taron matasa. Faifan da aka saya a kanti domin kallon gida ne, nuna wa taro yana bukatar izinin mai shi ko da ba a karɓi kuɗin shiga ba. Akwai waɗanda masu su suka bayar domin a nuna, kamar fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka juya cikin harsuna fiye da 2,000, har da Hausa. Dattawa da yawa suna tunawa da shi daga zamanin majigi a filin makaranta.

To, sai tambayar dattijo ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farin nauyi.

Mai leƙe na fari yana cikin gidan. Duk wanda yake riƙe da mabuɗin saba yana da shafin da yake nuna masa wa yake kallo, me yake kalla, da wace waya, a wane lokaci. A gidan dattijon nan, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya san abin da mahaifiyarsa ta kalla da dare, ya san abin da mijin yayarsa ya kunna a Kaduna da ƙarfe ɗaya na dare. Ba wanda ya faɗa musu ana ganinsu. Na tambaye shi ko ya taɓa dubawa, ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Ku tuna da labarin Nuhu a Farawa sura 9. Ham ya ga tsiraicin mahaifinsa a cikin alfarwa, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka rufe shi, ba su duba ba. Dukansu uku 'ya'yan gida ne, dukansu suna da ikon shiga alfarwar. Mai riƙe da saba yana da irin wannan iko, abin da ake nema a gare shi kuwa rufin asiri ne. Ga ƙananan yara, daidai ne iyaye su buɗe musu nasu asusu, su ƙayyade abin da za su gani, su kuma riƙa dubawa, amma a faɗa musu a fili cewa Baba da Mama suna gani. Ga manya kuwa, duk wanda za a ba mabuɗi a gaya masa tun farko abin da mai saba yake iya gani. Miji da zai riƙa bin sawun matarsa a ɓoye ta wannan shafi, ko mata ta bi na mijinta, damuwarsu ta wuce ta kwamfuta, gara su zauna da fasto.

Mai leƙe na biyu shi ne kamfanin da ya yi manhajar. Da Plex, ko da yake fina-finan suna ɗakinka, rajistar shigarka tana wurin kamfanin. A watan Nuwamba na 2023 suka fito da wani sabon tsari na zumunci, suka fara aika wa mutane wasiƙar mako ta imel da take nuna abin da abokansu suka kalla. Waɗansu suka buɗe wasiƙa suka ga abin kunya na abokansu, suka kuma gane nasu ma ya tafi wani wuri. Kamfanin ya ce an nuna wa kowa shafin zaɓi tun farko. Mutane da yawa kuwa sun danna sun wuce ba su karanta ba, kamar yadda dukanmu muke yi. Kafin wannan, a watan Agusta na 2022, ɓarayin intanet sun shiga ma'ajiyar kamfanin suka kwashi adireshin imel, da sunaye, da kalmomin sirri da aka rikiɗa, har kamfanin ya ce kowa ya sake tasa kalma. Irin wannan ya sake faruwa a watan Satumba na 2025. Jellyfin, wadda masu aikin sa kai suka ɓallo daga Emby a ƙarshen 2018, kyauta ce, ba ta kuma bukatar rajista a wurin wani kamfani. Sai dai a nan dukan nauyin tsaro a wuyan mai gida yake, ba wanda zai tuna masa.

Na uku shi ne baƙon da ba a gayyata ba. Domin yaya ta iya kallo daga Kaduna, sai an buɗe wata ƙofa a akwatin intanet na gida. Ƙofar nan ba ta san yaya ba, duk duniya take fuskanta, akwai kuwa na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai bin gida gida suna taɓa ƙofofi su ga wadda ba a kulle ba. Ga misalin da ya kamata kowane saurayi mai saba ya sani. LastPass kamfani ne a Amurka da yake ajiye wa miliyoyin mutane kalmomin sirrinsu. A 2022 aka yi masa babbar sata. Da aka bincika, sai aka tarar ɓarayin sun bi ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyan kamfanin, ɗaya daga cikin mutum huɗu kaɗai da suke da mabuɗin ma'ajiyar. Yana da Plex a gida, tsohon yayi. Ramin da aka bi ta ciki, kamfanin Plex ya riga ya toshe shi tun watan Mayu na 2020, amma mutumin bai sabunta tasa manhajar ba. Suka sa masa abin da yake rubuta duk maɓallin da ya danna, suka sami kalmarsa ta wurin aiki. In wannan ya sami gwani, ina ga ɗalibin da ya haɗa tasa a hutun makaranta ya koma ya manta?

Ku yi tunanin abin da yake cikin tsibi na fari. Hoton jariri ana yi masa wanka. Hoton amarya tana shiri a ɗaki. Wayoyi da yawa kuma suna rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton, wanda ya samu ya san ƙofar gidanku. Akwai wanda ya fi waɗannan duka. A cikin rumbun dattijon na ga bidiyon baftisma ta shekaru uku, fuskar kowa a fili, fasto yana kiran sunaye ɗaya ɗaya. Mun sani a ƙasarmu akwai waɗanda suka shiga ruwan nan danginsu ba su sani ba tukuna, su ne kuwa suke da ikon zaɓen ranar da za su faɗa, da bakin da za su faɗa. Wannan bidiyo yana zaune kusa da fim ɗin Indiya, abokan makaranta da ba mu san su ba suna iya buɗewa, su ɗauka, su tura. Wani zai iya rasa gida, ko aure, ko abin da ya fi haka, saboda yaro ya so ya burge abokansa. Da na nuna wa dattijo wannan, ya daɗe bai ce komai ba.

Doka ma ta san da wannan. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar kare bayanan mutane da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗauke wa harkar cikin gida nauyinta, amma da sharaɗin kada a keta sirrin wani. In rumbun ya fara ɗaukar rajistar mambobi, da lambobin wayarsu, da hotunan tarurrukan ikkilisiya, ya wuce harkar cikin gida, sai majalisar dattawa ta san da shi.

Gyaran ba shi da tsada. In ba wanda yake kallo daga waje, a rufe ƙofar waje gaba ɗaya. In akwai, gara a bi ta keɓaɓɓiyar hanya irin ta WireGuard ko Tailscale, wadda sai na'urar da aka ba izini take iya bi. A sabunta manhaja duk sa'ad da sabuwa ta fito. Kowa ya sami nasa asusu da tasa kalmar sirri, wadda ba ya amfani da ita a wani wuri, a kuma kunna tabbaci na biyu inda akwai shi. Hotunan iyali su zauna a sashe dabam wanda baƙo ba ya gani. Ranar da kwamfutar ta lalace kuma, kada a kai ta wurin mai gyara da faifan ajiya a ciki, kada kuma a sayar da faifan don an danna gogewa kawai, gama abin da aka goge haka ana iya dawo da shi.

Bayan mako biyu na sake biyawa ta gidan. An cire bidiyon baftisma, an sa shi a wani faifai dabam, yana kulle a akwatin dattijo tare da takardun fili. An rufe asusun abokan makaranta, an bar na yaya, an kuma buga mata waya an faɗa mata abin da ƙanenta yake iya gani. Ta ce a ba ta shi a waya, sun daɗe suna magana. Yaron ya share fina-finan Amurka da ya kwaso, da ɓacin rai dai, mahaifinsa kuma ya ba shi kuɗi ya je ya sayo waƙoƙin mawaƙa biyu na garin daga hannunsu. Na Indiya ne har yanzu ba a gama shawara a kansu ba, gama uwargida ce take kallonsu.